Mutum Biyar Don Wesley

Merle Kovach ya shigo garejina wata Talata da hantsi, rungume da gwangwanin kofi a ƙirji kamar mai ɗauke da jariri. Ko gaisuwa bai yi ba. Ya ajiye gwangwanin a kan teburin da nake ɗura harsashi, ya cire hula, ya tsaya yana kallon bango. Ban tambaye shi abin da ke ciki ba. Duk wanda ya shigo mini da gwangwani yana taka ƙasa a hankali haka, na san toka ya kawo.

Ni ke wannan aiki a ƙungiyarmu ta maharba, tun lokacin da hannun tsohon da ya koya mini ya fara rawa. Ban yi karatu mai nisa ba. Walda na yi, na tuƙa babbar mota har bayana ya ce ya gaji, na dawo gida na zauna da injin ɗura harsashi. Idan ɗan ƙungiya ya mutu aka ƙona gawarsa, iyalinsa sukan ɗebo mini 'yar toka, in gauraya ta da ƙwayoyin dalma, in ɗura harsashi biyar. Ranar Lahadi bayan an taso daga coci, mutum biyar daga cikinmu su jera a filin harbi, kowa a gurbinsa. Ɗan'uwan mamaci na jini ba ya harbi. Shi ake danƙa wa maɓallin injin da ke cilla faifan laka sama. Ya danna, faifai ya tashi, na farko ya harba, haka har a kai kan na biyar. Tokar ta bi iska ta sauka a gonar masarar da ke bayan fili. Daga nan sai a shiga ciki, a buɗe giya, a yi ta shara ƙarya a kan irin iya harbin da mamacin bai taɓa yi ba.

Ba a taɓa hana kowa ba. Mun yi wa Floyd, wanda ya ƙare rayuwarsa yana zare harsashi daga aljihun rigunan mutane idan sun rataye. Mun yi wa wani da ba ya ga maciji da rabin garin. Magana ɗaya ce, idan ka mutu kana ɗan ƙungiya, mutum biyar za su tsaya maka.

Wesley ɗan Merle kuwa ɗan ƙungiya ne tun bindiga tana fin shi tsawo, kuma ya mutu bai fita ba.

Abin da ya faru duk jihar ta gani a talabijin, kowa da irin idon da ya kalla. Bara da rani 'yan sanda suka harbe wani mutum a cikin motarsa a birnin da ke kusa da mu, jama'a suka fito zanga-zanga. Wesley yana aiki a wani asibiti a can, yana tura marasa lafiya a keke, sai ya bi abokan aikinsa. Ya tafi da ƙaramar bindigarsa a ƙugu, a fili, yadda yake zuwa ko'ina, doka ta ba shi. Kurt Mabry kuma, wani matashi mai gyaran rufin gida daga garin da ke gaba da namu, ya je da doguwar bindiga gadin shagon tayar abokinsa, shi ma doka ta ba shi. Da la'asar aka fara ture-ture a bakin shagon. Wani ya jefa kwalba. Kurt ya ɗaga bindiga. Wesley ya ga an ɗaga bindiga a kan mutane, ya kai hannu ƙugu. Kurt ya ga an kai hannu ƙugu. Shi ke nan.

A kotu lauyan Kurt bai yi gumi ba. Dokar jiharmu ta ce idan ka ji tsoron rasa ranka, kuma duk mai hankali da ke tsaye inda kake zai ji, ba dole ne ka ja da baya ba. Mutum goma sha biyun da aka zaɓo don yanke hukunci suka saurara, suka sallame shi. Ni dai ina bencin baya ina nawa tunanin. Da hannun Wesley ya fi sauri, shi zai zauna a kujerar nan cikin kwat ɗin aro, lauyansa ya karanto wannan dokar, a sallame shi. Bargo ɗaya ne ya lulluɓe su duka biyun, sai dai wanda ya rage da rai shi ke janye shi gefensa. Ba a tambayar matacce ko shi ma ya ji tsoro.

Ƙungiyarmu Kurt ta tsaya wa. Ba wai sun ƙi Wesley ba ne, da yawansu ma sun goya shi a kafaɗa. Amma magana ta riga ta zama ta mu da su, ta masu son a bar wa mutum bindigarsa da masu son a karɓe, kuma a yadda ake ba da labarin, Wesley ya faɗi a wancan gefen titi. Sunansa ya daina fitowa daga bakin mutane, sai dai ka ji an ce wancan ɗan zanga-zangar. Mutanen birni kuma suka zo gidan Merle da kyandirori, suna so ya hau dandali ya ce bindiga ce ta kashe masa ɗa. Ya ce musu shi ya saya wa yaron bindigar da hannunsa, kuma da za a maimaita zai sake saya. Suka naɗe ƙyallayen zanga-zangarsu suka tafi, ba su dawo ba. Matarsa Arlene ta ce ba za ta iya ci gaba da kallon kabad ɗin bindigogi a falo ba, shi kuma ya ce kabad ba ya motsi. Ta haɗa kaya ta koma wurin ƙanwarta a wata jiha. Merle ya zama jemage, ba ya cikin tsuntsaye ba ya cikin dabbobi.

"Lahadin nan nake so, Virgil," in ji shi, har yanzu idonsa na kan bango.

Na tambaye shi ko ya yi magana da Duane, shugaban ƙungiya. Ya ce a'a, ni na fi shi baki, shi in ya buɗe nasa yanzu bai san abin da zai fito ba. Na ce to, zan je. Ya mai da hula ya fita, ya bar mini ɗansa a kan tebur.

Ranar Juma'a ake soya kifi a zauren ƙungiya, kowa ya zo da iyalinsa. Na tarar da Duane Strobel a bakin kasko, ya ɗaura ƙyallen girki a kan tumbi. Inshora yake sayarwa, harshensa ya fi man da ke kaskon santsi.

"Tsoho, har yanzu ba ka mutu ba?" ya ce da ya gan ni.

"Ina jira in ɗura taka tukuna. Da wannan tumbin naka sai na nemo buhu da shebur."

Ya yi dariya ya miƙo mini kifi a takarda. Da na kawo maganar Wesley sai dariyar ta tsaya a rabi. Ya rage wutar kasko, ya duba hagu da dama, ya ja ni gefen firji. Ya ce ai ba wanda ya hana, fili na kowane ɗan ƙungiya ne, injin ma zai sa a bar mana a buɗe. Sai dai ba zai sanar a allo ba, ba kuma zai tashi ya faɗa a zaure ba, don in 'yan jarida suka ji, za su juya abin ya zama kamar ƙungiya ta janye daga bayan Kurt. Wanda ya ga dama ya zo da ƙafarsa. Na ce masa da Floyd ya mutu shi da kansa ya buga cokali a kwalba ya sanar, har da ƙwalla.

"Floyd bai mutu a talabijin ba," in ji Duane.

A nan ya gaya mini cewa sun ba Kurt zama ɗan ƙungiya na har abada, kyauta. Wai yaron ba ya samun aiki yanzu, duk gidan da ya je gyaran rufi, ko dai a nemi ɗaukar hoto da shi ko a sakar masa kare. Yakan zo filin ranakun aiki lokacin da ba kowa, ya yi harbinsa shi kaɗai, ranar Juma'a kuma ya shige kicin ya wanke kwanuka. Na leƙa na hango bayansa a bakin famfo. Bai juyo ba.

Na bi tebur-tebur da kifina a hannu. Alvin, wanda muka yi farautar barewa tare tun muna da gashi, ya ce kafaɗarsa ta motsa, likita ya hana shi harbi, alhali ranar Laraba na gan shi yana faskare. Wani ya ce ranar ake yi wa jikarsa baftisma a coci. Wani ya shiga ba ni labarin taraktarsa har na gaji na tashi. Mutum ɗaya ne ya gaya mini gaskiya, mai shagon kayan gini. Ya ce yana son Wesley, amma garin ƙarami ne, kuma masu saya a shagonsa suna da ido. Na gode masa, don ya rage mini tsayuwa.

Ranar Asabar Merle ya zo ya zauna a kan bokiti yana kallo ina aiki. Toka ba a ɗura ta yadda ta zo, sai an tankaɗe, don akwai 'yan ɓaraguzan ƙashi da kan hana bakin ƙwanson harsashi rufuwa. Na tankaɗe a rariyar shayi, abin da ya rage a rariya na mayar gwangwani. Toka ba ta da nauyi kamar dalma, saboda haka sai ka rage albarushi, in ba haka ba harbin ya watse. Na auna da ƙaramin cokali, na zuba, na danna, na rufe. Merle bai ɗauke ido ba.

Can sai ya fara magana, ba ni yake kallo ba, injin yake kallo. Ya ce shi ya koya wa Wesley duk abin da ya sani. Kada ka nuna bindiga ga abin da ba ka shirya harbi ba. Kada ka ɗora yatsa a kunama sai ka tabbata. Idan kuma ka ga an ɗaga bindiga a kan mutanen da ba su ji ba ba su gani ba, kada ka tsaya kallo. Ya ce wannan ta ƙarshen ba shi ya ƙirƙiro ta ba, a zauren nan ya ji ta, kowace Juma'a sai wani ya buga tebur ya faɗe ta bayan kwalba ta biyu. Su suna faɗa, ɗansa ya aikata.

"Ba na neman kowa ya ce Kurt ya yi laifi," in ji shi. "Kotu ta gama da wannan. Su tsaya kawai. In suka tsaya, sun ce ɗana namu ne, bindigar da ke ƙugunsa ta halal ce kamar tasu. Shi ke nan abin da nake so."

Na gaya masa gaskiya, ban samu ko mutum ɗaya ba. Ya ce za su zo. Ya ce na san mutanen nan, baki ne da su, amma in rana ta yi ba sa barin nasu. Na jera harsasan a ƙaramin kwali na rufe. Akwai lokacin da gardama da mutum zalunci ce.

Lahadi ta zo da iska mai sanyi. An girbe masara, sai karare a tsaye har iyakar gani. Na riga shi zuwa na loda faifai a inji, na jawo wayar maɓalli zuwa bayan layi. Merle ya iso cikin kwat ɗin da ya sa ranar jana'iza, da katan ɗin giya a bayan mota don waɗanda za su tsaya. Muka zauna a benci. Muka ji an buga ƙararrawar tashi daga coci. Wata mota ta rage gudu a bakin ƙofar fili, ta ɗan tsaya, ta wuce. Merle ya miƙe ya gyara wuyan riga, ya sake zama.

Na yi ƙoƙarin jan shi da hira. Na tuna masa ranar da Wesley yana ƙarami ya harbo mana tayar motar Duane maimakon faifai. Ya yi murmushi da gefen baki, idonsa na kan ƙofa. Rana ta karkata. Inuwar rumfa ta bar ƙafafunmu ta koma kan ciyawa.

Daga ƙarshe ya tashi ya nufi motarsa, ya ɗauko bindigarsa mai baki biyu. Ya buɗe kwalin ya zaro harsashi ɗaya, ya sa, ya rufe. Ya ce in riƙe maɓalli, shi zai harba da kansa. Na ce masa uba ba ya harbi, ya sani. Ya ce uba ma ba ya binne ɗa, amma ga shi. Muna cikin wannan ne muka ji taya a kan tsakuwa.

Tsohuwar akori-kura ce, da tsani ɗaure a sama. Kurt ya fito. Ya rame fiye da yadda na gan shi a kotu, gemu ya cika masa fuska. Bindigarsa a buɗe take, a lanƙwashe a kan damtsensa, yadda dokar fili ta ce, don kowa ya ga ba komai a ciki. Ya taho har ya rage 'yan taku tsakaninmu, ya tsaya ya cire hula.

"Barka da rana, Baba Virgil. Baba Merle."

Ya fara bayani, kalmomin suna tuntuɓe da juna kamar ya haddace su a mota sun zube a hanya. Ya ce ranar Juma'a yana kicin ya ji duk abin da aka ce da ni. Ranar da ya shiga ƙungiya an gaya masa ba a barin ɗan ƙungiya ya tafi ba mutum biyar. Ya kwana biyu yana juya abin, yau da safe ya tari Duane a bakin coci. Duane ya ce ai shi ke nan an samu mafita, idan Kurt da kansa ya tsaya a layi, ba mai cewa ƙungiya ta juya masa baya, kowa ma sai ya ga an yi sulhu. Yanzu haka akwai mutum uku a gidan mai na bakin hanya, Duane da Alvin da mai shagon kayan gini, suna zaune a motocinsu da bindigoginsu. Waya kawai zai buga musu.

"Da ni da Baba Virgil, biyar ke nan," ya ce. "Ka ba ni ɗaya in tsaya masa."

Na dubi yaron na ga da gaske yake. Babu izgili a fuskarsa ko kaɗan. A tunaninsa, da na waɗanda suka turo shi, girmamawa ce mafi girma da ke hannunsu. Mu mutane ne da in muna murna mu harba, in muna baƙin ciki mu harba, in za mu nemi gafara ma ba mu san wata hanya ba.

Sai na lura da abin da ya kamata in lura da shi tun farko. Bindigar Merle a rufe take, da harsashi a ciki. Bakinta na kallon ƙasa, amma ƙasar da ke tsakaninsa da Kurt. Kurt ma ya lura. Idonsa ya bar fuskar Merle ya koma kan hannuwansa, ya kafe a can. Na ga hannunsa na dama ya sauka a hankali zuwa gefen rigarsa, inda wani abu ya ɗan turo. Tun da aka sallame shi ake aiko masa da barazana, ba zai fita ba ƙaramar bindiga ba. Ga mutum biyu, kowanne da makami, kowanne da dalilin jin tsoron ɗayan, kowanne doka na bayansa. Ni ne kaɗai zan rage in ba da labari, da idanun da ba sa karanta lambar mota.

"Merle," na ce, ban ɗaga murya ba. "Dokar fili. Buɗe ta."

Ya dubi bindigar kamar bai san tana hannunsa ba. Ya danna ya buɗe ta, ta lanƙwashe a kan damtsensa. Hannun Kurt ya dawo kan hularsa.

Merle ya ɗan jima yana kallonsa. Wannan ne karo na farko da suka tsaya kusa haka ba lauya a tsakani.

"Tambaya ɗaya zan yi maka, ɗan nan. Ranar nan, ɗana yana da ikon riƙe bindigar da ke ƙugunsa ko ba shi da shi?"

Kurt ya ce lauyansa ya gargaɗe shi kada ya yi maganar ranar da kowa, musamman iyalin. Merle ya ci gaba da jira. Iska ta kaɗa kararen masara. Yaron ya murɗa hular a hannunsa har ta fita kamanninta.

"Yana da iko, Baba. Kamar yadda nake da shi. Na ga idonsa. Tsoron da nake ji, shi yake ji."

"Ka faɗi haka a kotu?"

"Ba a tambaye ni ba."

"A zaure fa?"

"Na gwada. Da na fara sai a dafa mini kafaɗa a saya mini giya."

Merle ya gyaɗa kai a hankali. Abin da ya shekara yana jira wani ya faɗa, ga shi an faɗa, amma daga bakin da ba zai iya karɓa ba. Ya dubi kwalin da ke kan benci, ya dubi hanyar da ta nufi gidan mai. Waya ɗaya ce tsakaninsa da mutum biyar. Ni dai, in gaskiya zan faɗa, da ya amsa ba zan ga laifinsa ba. Mutum ya gaji.

"Na gode da ka faɗa," in ji shi. "Amma ba zan ba ka harsashin nan ba. Ka riga ka harbe shi sau ɗaya."

Kurt ya sunkuyar da kai.

"Ka kuma gaya wa na gidan mai, ɗana ba sai da izininka za a tsaya masa ba. In za su zo, su zo don shi."

Yaron ya juya ya koma motarsa, ya daɗe a ciki kafin ya tayar. Bayan fitarsa ba da jimawa ba muka hango motoci uku sun fito daga wajen gidan mai. Merle ya miƙe tsaye. Suka zo daidai ƙofar fili ɗaya bayan ɗaya, suka wuce zuwa gari.

Na ce masa ya kawo, ni zan harba duka biyar ɗin, in bi gurbi-gurbi, shi ya danna maɓalli. Ko ban samu faifai ba, toka dai za ta kai gona. Ya girgiza kai. Ya zaro harsashin daga bindigarsa, ya goge shi da gefen kwat, ya mayar cikin kwali kusa da 'yan'uwansa, ya miƙo mini.

"Mutum biyar aka yi wa Floyd," ya ce. "Ajiye mini. Ina da mutum ɗaya, kai."

Muka kwashe faifan daga inji, muka naɗe waya. Giyar da ya kawo ta koma gida yadda ta zo.

Tun daga ranar, kowace Lahadi bayan coci Merle yakan zo fili cikin kwat ɗin nan ya zauna a benci a bayan layi. Yana gaida kowa da sunansa, yana tambayar iyali. Ba ya roƙon kowa, ba ya kawo maganar. Masu harbi suna jin idonsa a ƙeyarsu, sai ka ga gwanin da ba ya kuskure yana zubar da faifai kamar sabon shiga. Wasu sun mai da zuwansu Asabar. Duane ya taɓa jana gefe ya ce ko zan lallashe shi ya riƙa hutawa a gida, na ce masa fili na kowane ɗan ƙungiya ne, daga bakinsa na ji. Kurt kuwa ya daina zuwa wanke kwanuka. An ce ya koma wata jiha inda ba a san fuskarsa ba, in akwai irinta.

Da dusar ƙanƙara ta fara sauka, Alvin ya shigo garejina wai yana neman aron sifana. Ya yi ta zagaye, ya taɓa wannan ya ajiye, ya taɓa wancan. Idonsa ya kai kan ƙaramin kwalin harsasan Wesley da ke kan tebur. Ya yi gyaran murya ya ce in gaya wa Merle, duk ranar da aka samu mutum huɗu, shi ne na biyar.

"Kai ne na uku da ya gaya mini haka," na ce. "Kowa na biyar yake so ya zama. Na biyu muke nema."

Ya ɗauki sifanar ya fita.

Na kai wa Merle labarin ranar Lahadi a benci. Ba kowa a filin sai mu, sanyi ya kori sauran. Na kuma gaya masa likita ya ce hasken idona na hagu ya kusa tafiya, na dama ma yana shirin bin sa, saboda haka in yana so in ga faifan da zan harba, gara ya hanzarta. Ya zuba mini kofi daga fulas, ya ce in riƙe idon da kyau, in kuma riƙe raina, don shi ba ya da wani na ɗaya in ba ni ba. Muka zauna muna kallon ƙofa har kofin ya huce.